Lambar da ke Hannun Sakinatu

Laraba, ƙarshen Sha'aban 1343, bayan la'asar

Agana ta shiga gidan Yaya Sodangi. Lami ta kama, ɗiyarshi ta tsakiya. Tun farkon mako take zazzaɓi ana cewa shawara ce, yau da safe ƙuraje sunka fito mata a goshi da bayan hannu. Dijatu, matar Yaya, ta aiko a kira ni. Na je na duba. Ban buƙaci dubawa ta biyu ba.

Na riƙo hannun ɗiyata Sakinatu na dawo da ita gida. Tun bayan Sallar layya take can tana karatu tare da Lami. Tabarmarsu ɗaya, ƙwaryar furarsu ɗaya, shekarunsu ma ɗaya, takwas-takwas. A hanya tana ta ba ni labarin wata akuya da ta ci musu wanki, ni kuwa ina kallon goshinta.

Akwai lamba a damtsenta na hagu, tabo biyu. Ni na yi mata bara. Kuma ba da irin da ake kawowa daga Turai na yi ba, da nawa ne, wanda na raina da hannuna a jikin maraƙi a Dundaye. Mahaifiyarta Zulaihatu ta san haka. Da munka shigo ta ɗaga hannun rigar yarinyar ta daɗe tana kallon tabon, sannan ta share mata ɗakin baya.

Alhamis, da hantsi

Akwatin ruwan lamba da muke jira daga bakin teku ya iso asibiti. Na buɗe, na ga yadda ya dawo, na rufe. Wata guda a hanya cikin wanga zafi, rabin tafiyar a kan jaki. Ba laifin kowa ba ne. Haka yake isowa kowace bazara, matacce, a tsaga wa yaro hannu a banza, uwa ta koma gida tana zaton ɗanta ya tsira.

Wannan ne ya sa ni cikin aikin nan shekara tara da sunka wuce. Mahaifinmu Malam Gidaɗo ya karantar da mu duka biyu. Yaya ya ɗauki fiƙihu, ni na ɗauki littattafan magani. Da Likita ya nemi wanda ya iya rubutu da lissafi zai taimake shi, anka tura ni. Shi ya nuna mini yadda ake shuka ruwan lamba a fatar cikin maraƙi, a bari ya yi ƙuraje, a kwashe, a gauraya da wani mai fari da yake kira gilisarin, a ɗura a 'yan kwalabe. Abin da ya gagare mu ni da shi shi ne ajiya. Zafin Sakkwato ba ya barin irin ya rayu.

Na gwada randa. Na gwada salka a rataye a inuwa. Na binne cikin jiƙaƙƙen yashi, na sa a rumbu, na naɗe da ɗanyen ganye. Kowane gwaji sai na koma kan maraƙi in ga ko zai kama, in rubuta. Shekara uku ina rubuta "bai kama ba". Daga baya na toshe kwalaben da kakin zuma, na sa su cikin ƙaramin tulu, na zura can ƙasan tsohuwar rijiyar gidana har ya nutse. Ranar da na ga ƙuraje sun jeru a cikin maraƙi da irin da ya yi wata biyu a rijiya, na zauna a turken shanu na kasa tashi. Makiyaya sunka zaci rana ta buge ni.

Likita yana rangadi can wajen Argungu, ba a sa ran shi kafin damina. Na jawo tulun ɗazu. Kwalba uku sunka rage, kuma sun fi kowane iri da na taɓa gwadawa daɗewa a ruwa.

Na duba Sakinatu. Goshi, bayan hannu, cikin baki. Babu komai.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na tare Yaya a ƙofar zaurenshi. Ya rame cikin kwana biyu. Na ce mishi idan Allah ya sa irin ya kama, ya bar ni in yi wa Illo da Balaraba, sauran 'ya'yanshi biyu.

Ya ce, "Siddiƙu, mun gama wagga magana tun bara."

Na ce, "Bara babu agana cikin gida, Yaya."

Ya ce, "Hukunci ba ya sakewa don na ji tsoro. Ruwan ƙurji najasa ne, balle na dabba. Kuma yaro lafiya lau, ka tsaga shi ka sa mishi cuta da hannunka. Mi zan ce in an tambaye ni?"

Na ce mishi ƙaramar cuta ce ake tare babba da ita, kuma shi ya fi ni sanin babin. Ya ce wannan sai in an tabbata tana tarewa, ni kuwa zato nake yi. Bai ɗaga murya ba, ni ma haka. Mun tsaya muna kallon juna, fuska biyu masu zanen agana. Tare munka yi tamu muna yara, ɗaki ɗaya, mu uku. Ni da shi munka tashi. Ƙanwarmu Hasana ba ta tashi ba. Shi abin ya koya mishi sallamawa, ni ya hana ni zama. Ban taɓa ganin ɗayanmu ya fi ɗaya son ta ba.

Asabar, da yamma

Na fita ta Ƙofar Dundaye tun da sassafe. Mode, wanda nake aron maruƙa a garkenshi tun farkon aikin, ya riga ya ji labari. Ya kamo mini wani jan maraƙi. Munka kayar da shi, na aske cikin, na wanke da tafasasshen ruwa, na yi tsaga-tsaga marasa zurfi, na shafa kwalba ta farko.

Mode yana riƙe da ƙafafun yana dariya. Ya ce, "Malam, ka tuna sa'ad da yaran garin nan ke bin ka suna Malamin Maraƙi?"

Na tuna. Har cikin birni sunan ya bi ni. Akwai shekarar da anka daina gayyata ta ɗaurin aure a unguwarmu, wai ina warin turke. Na ce mishi yanzu sunan ya daina yi mini ciwo. Ya ce ai shi ya ɗauka sarauta ce.

Yanzu sai jira.

Lahadi, da azahar

Goshi, hannu, baki. Babu komai. Ta ci tuwo sosai.

Talata, bayan la'asar

An ce agana ta shiga gida biyar a unguwar Gidan Dare, an kuma kafa bukkoki bayan ganuwa ana kai marasa lafiya. Mata biyu sun zo ƙofar gidana da goyo suna neman lamba. Na ce su dawo. Ɗayar ta ce, "Yaushe, Malam?" Na ce in Allah ya so ba da daɗewa ba. Ban ji daɗin bakina ba.

Zulaihatu ta same ni ina wanke 'yar askata. Ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Malam, in tambaye ka, kada ka ba ni amsar asibiti. Wanda ka yi wa ɗiyata, ka tabbata da shi?"

Na ce ya kama a hannunta, ta gani da idonta, ya yi ƙurji ya bushe ya bar tabo kamar yadda ake so.

Ta ce, "Na ga tabo. Ina tambaya ko akwai wanda ka yi wa da naka, ya kwana da mai agana, ya tashi lafiya."

Na ce babu tukuna.

Ta ce, "To ita ce ta fari ke nan."

Na ce ita ce. Ta gyaɗa kai ta tashi ta koma wurin tukunyarta. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, ɗaya ga azumi, da dare

Bai kama ba. Tsagar ta warke sumul kamar ba a taɓa shi ba. Na shafa da yatsa, na duba a rana, na duba a inuwa. Kwalba ta farko ta mutu.

Na zauna gindin wani gawo ina tunani. Saura biyu. In na yi amfani da ɗaya na ajiye ɗaya, wadda na ajiye tana ƙara mutuwa kowace rana. In na zuba duka biyu sunka ƙi, aikin shekara tara ya yanke, sai an sake kawo rayayyen iri daga teku, wanda ba zai yiwu ba kafin sanyi. Sannan ni da Mode munka yi shawara. Na ce ina zargin jan maraƙin ya yi girma, fatarshi ta yi kauri. Shi kuma ya ce ya lura dabbar tana kwanciya a rana tana lasar wurin. Munka zaɓi 'yan maruƙa biyu masu farin ciki, waɗanda ba a yaye ba. Munka yi musu rumfar zana, munka ɗaura musu ƙyalle a ciki yadda harshe ba zai kai ba.

Na zuba duka biyun. Na riƙe tulun da babu komai ciki na ɗan lokaci, sannan na ba matar Mode ta riƙa zuba man shanu.

Na sha ruwa a hanya da 'yan dabino uku. Ban ji yunwa ba.

Asabar, da hantsi

Na je duba Lami. Ƙurajen sun haɗe. Ba zan siffanta ba.

Ta gane muryata. Ta ce, "Baffa, ina Sakinatu?" Na ce tana gida tana gaishe ki. Ta ce in faɗa mata ita ta kai surar "Sabbi" a allo, kada ta wuce ta. Na ce za ta jira ki.

Na nuna wa Dijatu yadda za ta riƙa jiƙa mata leɓe da tsumma mai tsabta, ta kuma ɗiga mata ruwa a ido. Iyakar abin da ilmina ya iya a ɗakin nan ke nan. Yaya yana zaune a ƙofar ɗakin da carbi. Na gaishe shi, ya amsa.

Lahadi, bayan azahar

Mun fita da hantsi, mun dawo. Ni na karɓi Lami daga hannun Yaya na sa ta a kabari. Ba ta da nauyi.

Litinin, da la'asar

Sakinatu ta tashi da zazzaɓi.

Talata, da hantsi

Jikin ya yi zafi ƙwarai, tana kukan kai. Na tambaye ta ko bayanta na ciwo, ta ce kaɗan. Da agana ciwon baya yake fara zuwa. Da zazzaɓin sauro ma yana zuwa. Na san wannan, na faɗa wa iyaye da yawa, yau na faɗa wa kaina ban ji komai ba.

Goshi, hannu, baki. Babu. Na sake dubawa kafin in fita ɗakin. Na dawo daga ƙofa na sake dubawa.

Na ba ta kwinin. Zulaihatu tana mata fifita, ba ta kalle ni ba tun jiya.

Gobe ya kamata in je Dundaye. In irin ya kama, gobe ne lokacin kwasa, in an wuce ƙurajen su bushe. Ban san yadda zan fita gidan nan ba.

Talata, bayan shan ruwa

Zulaihatu ce ta yanke. Ta kawo mini kunu ta ajiye ta ce, "Gobe ka tafi."

Na ce yarinyar fa.

Ta ce, "Zamanka nan kana leƙa mata baki ba ya hana abin fitowa in zai fito. Matan nan sun sake zuwa yau, su shida ne yanzu. Ɗaya ta zauna a zaure ta ƙi tafiya sai da rana ta yi sanyi. Ka ja ni cikin wanga aiki ban so ba, to kada ka bar shi a tsakiya."

Na sha kunun. Ta ɗauki kwanon ta fita.

Laraba, da yamma

Zan rubuta wannan a tsanake.

Mode ya tare ni tun bakin gari, fuskarshi ba ta nuna komai ba, ya ce bai kwance ƙyallen ba, ya bar mini. Munka kayar da na farko. Babu komai, tsaga ta warke. Munka kayar da na biyu, wata 'yar maraƙa mai baƙin kunne. Na kwance ƙyallen.

Sun jeru a kan kowace tsaga, farare, cike, da ɗan lotso a tsakiya. Ban taɓa samun masu kyan su ba. Na ce alhamdu lillahi, na ji muryata kamar ta wani. Mode ya saki ƙafar da yake riƙe da ita don murna, maraƙar ta harbe shi a cinya, ya faɗi yana dariya yana cewa ta biya kanta.

Na kwashe a hankali. Na shuka wa wasu maruƙa biyu daga ɗanyen irin nan take, don kada zuriyar ta sake tsayawa a kan dabba ɗaya. Sauran na niƙa da gilisarin, na ɗura, na toshe, na naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Irin ya yi kusan wata biyar a rijiya kuma ya rayu. Ba mu taɓa kai haka ba. Na so a ce Likita yana nan. Shekarar da ya kawo wani babban likita daga Kaduna gidana, sunka leƙa rijiyar, ya nuna ni ya ce aikin wannan malamin ne, na yi kwanaki ina jin daɗi. Na yau ya fi wancan, ko da yake ba mai gani sai Mode da shanu.

A hanyar dawowa murnar ta zube. Na tsaya a zaurena ina sauraro ko zan ji kuka.

Na ji tana faɗa da uwarta a kan ba za ta sha kunu ba sai fura.

Zazzaɓin ya sauka da azahar, ta yi gumi har tabarma ta jiƙe. Na duba. Goshi, hannu, baki, tafin ƙafa. Babu komai. Na ce wa Zulaihatu kada mu yi saurin magana, agana takan sauke zazzaɓi kafin ta fito da ƙuraje. Ta ce ta sani.

Alhamis, da hantsi

Babu komai. Na fara yi wa yaran da ke zaure. Uwar nan da ta ƙi tafiya ita ce ta farko a layi.

Asabar, bayan shan ruwa

Fatar Sakinatu lafiya lau. Lokacin da ƙuraje za su fito ya wuce. Na faɗa wa Zulaihatu haka a tsakar gida, ta ajiye muciya ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na bar ta. Da ta fito idonta ja, ta ce, "Malam, gishiri ya ƙare," na ce za a sayo.

Ɗiya ɗaya ba hujja ba ce. Na rubuta haka cikin bayanin da nake tara wa Likita, don gaskiya ne. Sai an ga yara da yawa a gidaje da yawa. Amma na bi gidajen Gidan Dare da cutar ta shiga, na sami yara huɗu da na yi wa lamba bara, dukansu suna tsaye, 'yan'uwansu na kwance. Na rubuta wannan ma.

Da yamma Sakinatu ta tambaya yaushe za ta koma wurin Lami. Mun yi ta kaucewa tun ran Lahadi. Zulaihatu ta ɗora ta a cinya ta faɗa mata Lami ta rasu. Ta tambaya ko ya yi mata zafi. Na ce da farko, daga baya a'a. Ban ba ta saƙon "Sabbi" ba. Zan ba ta in ta ƙara ƙarfi.

Talata, da la'asar

Mutane sun yi yawa har na koma yi a ƙofar asibiti da safe, a gida da yamma. Manya suna tambaya ko tsagar tana karya azumi. Na ce ni ba mai fatawa ba ne, wanda ya ji shakka ya zo bayan shan ruwa. Wani tsoho ya ce, "Ga wanka Sodangi nan masani, mi yac ce?" Na ce ban tambaye shi ba.

Maruƙan Mode na biyu sun kama. Tulu sabo ya koma rijiya.

Ban je gidan Yaya ba tun addu'ar uku. Ina tunanin Illo da Balaraba kowace safiya. Ina wucewa ta bayan gidan in tambayi maƙwabta, su ce lafiya.

Alhamis, bayan shan ruwa

Yaya ya zo. Bai taɓa shiga inda nake aiki ba sai yau.

Ya tarar ina wanke hannu. Ya ce a kira mishi Sakinatu. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi. Ya kama hannunta ya juya, ya dubi fuskarta, ya ɗaga hannun rigar ya ga tabon. Ya sa mata albarka ya ce ta koma ciki.

Sannan ya ce in nuna mishi abin. Na jawo tulun, na ba shi kwalba ɗaya. Ya ɗaga ta a haske. Ya yi mini tambayoyi kamar yana zaman shari'a: nawa ake sawa, yana shiga jini ko a fata yake tsayawa, ana wanke wurin daga baya, an taɓa samun wanda ya mutu da shi. Na amsa kowace, har na faɗa mishi yara biyu da hannunsu ya kumbura ya yi ruwa shekarun baya, kafin in koyi tafasa aska tsakanin yaro da yaro.

Ya ajiye kwalbar. Ya ce, "Siddiƙu, da ka yi wa Lami, da tana nan?"

Na ce, "Yaya, ajali ba ya..."

Ya ɗaga hannu. Ya ce, "Wannan ni na karantar da kai shi. Ba shi na tambaya ba. Kai mai gwaji ne, ka faɗa mini abin da gwajinka ya nuna."

Na ce, "Abin da na gani, galibi da ba ta kamu ba. In ma ta kamu, da sauƙi."

Ya ce, "Na gode da ba ka yi mini ƙarya ba."

Ya zauna a kan turmin da ke bakin rijiya, babban mutum kamar shi, ya rufe fuska da gefen rawani. Na tsaya a gefenshi. Tun muna yara ban taɓa dafa kafaɗarshi ba, yau na dafa. Har anka kira magariba muna nan. Zulaihatu ta aiko da ruwa da dabino, munka sha tare.

Juma'a, da sassafe

Dijatu ta kawo Illo da Balaraba. Balaraba ta yi kuka tun kafin in taɓa ta. Illo ya ce shi namiji ne, sannan ya fi ta kuka.

Laraba, da azahar

Na Balaraba ya kama. Na Illo bai kama ba, ina jin ya goge da riga. Na sake yi mishi a ɗaya hannun, na ɗaure da ƙyalle kamar na maraƙi. Ya ce zai faɗa wa babanshi na mai da shi ɗan saniya. Na ce ya faɗa.

Ina lissafin kwanakin da ya yi cikin gidan nan ba kariya, sai in hana kaina.

Lahadi, da hantsi

Ya kama. Jikinshi sanyi, goshi lafiya.

Talata, cikin goman ƙarshe, bayan la'asar

Jiya Yaya ya aiko in zo da kayan aikina zaurenshi yau da hantsi. Zauren mahaifinmu ne, inda munka yi karatu, inda shi yake karantarwa yanzu. Na isa na tarar an shimfiɗa tabarmi har waje, iyayen unguwa da 'ya'yansu, har da waɗanda sunka daina gayyata ta sabgoginsu. Ashe bayan sallar asuba ya tsaya ya ce duk mai yaro ya kawo.

Wani daga cikin manyan ɗalibanshi ya ce, "Allah gafarta Malam, ke nan an janye maganar najasa?"

Yaya ya ce, "Maganar tana nan, ina kan bincike, kuma ni da ƙanena ba mu gama ba. Abin da na ce shi ne a kawo yaran."

Ya zauna kusa da ni a kan buzunshi. Shi yake kiran yara da sunan iyayensu, ya riƙe damtsen, ni in tsaga. In yaro ya fara kuka sai ya tambaye shi inda ya kai a karatu, kafin ya gama amsa an gama.

Shekara tara ina kwatanta wagga rana a raina. Na zaci zan ji kaina ya yi girma. Da na ɗaga ido neman tsumma sai na ga allunan yara jingine a bango, ɗaya ƙarami a gefe, na Lami, ba a wanke rubutun ba. Yaya ya ga inda nake kallo. Ya jawo yaro na gaba, ya naɗe mishi hannun riga, ya ce, "Bismilla, Siddiƙu. Rana tana yi."

Na tsoma askar a ruwan zafi, na ci gaba.